Nijar ko Najeriya? Wahalar ɗan ƙasar da duniya ke kira da sunan maƙwabcinsa

Ɗalibi a Pari, ɗan kasuwa a Dubai, direban taksi a Niyok, alhaji a Jidda: duk ɗan Nijar da ya ƙetare iyaka ya taɓa jin an laƙaba masa ƙasar da ba tasa ba. A wajen shan shayi ana mai da abin raha, amma a banki, da filin jirgi, da ofishin biza, kuskuren yana da tsada.

Hirar gajeriya ce, kuma wanda ya zauna a ƙasar waje ya yi ta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. A tambaye shi daga ina yake, ya ce daga Nijar. Mai tambayar ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane, sa'an nan ya shiga zancen Legas, da man fetur, da ƴan ƙwallon Super Eagles. Baƙon ya gyara masa cikin ladabi, ya ce Nijar ce, wadda babban birninta Yamai. Sai a yi shiru na ɗan lokaci, daga bisani a tambaye shi ko wata jiha ce a cikin Najeriya. Mai haƙuri yakan ɗauko takarda ya zana taswira: ga Aljeriya da Libiya a arewa, ga Cadi a gabas, ga Mali da Burkina Faso a yamma, ga Benin da Najeriya a kudu. Wanda ya gaji kuwa yakan yi murmushi ya bar zancen, ya ci gaba da zama ɗan Najeriya a idon maƙwabcinsa har ranar da zai tashi daga gidan.

Ƴan Nijar mazauna Faransa, da Beljik, da Jamus, da garuruwan Amurka irin su Niyok da Greensboro, sun saba da wannan har ya zama abin ba'a a tsakaninsu. To amma a bayan dariyar akwai tambayar da ta shafi kowa, har da wanda bai taɓa wuce Kwanni ba: me ke samun ƙasar da duniya ba ta iya faɗin sunanta daidai, kuma wa ke ba da labarinta a inda ba a san ta ba?

Kogi ɗaya, ƙasa biyu

Asalin ruɗanin kogi ne. Kogin da ya taso daga duwatsun ƙasar Gine, ya ratsa Mali, ya bi yammacin Nijar, ya gangara Najeriya ya faɗa teku bayan tafiyar kimanin kilomita 4200, yana da sunaye da yawa a bakin masu shan ruwansa. Mutanen Mande na ce masa Joliba, Zabarmawa na ce masa Isa Beri, Hausawa na ce masa Kwara. Turawa kuwa sun san shi da «Niger», sunan da masana da dama ke ganin ya fito daga kalmar Abzinawa mai nufin kogin koguna. Littafin matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda aka buga a 1550, shi ya yaɗa sunan a ƙasashen Turai.

Da ƴan mulkin mallaka suka zo rabon ƙasa, kowane ya ɗebi suna daga kogin. A watan Janairun 1897 wata ƴar jarida Baturiyar Ingila, Flora Shaw, ta ba da shawara a jaridar Times ta Landan cewa a riƙa kiran yankunan da ƙasarta ke riƙe da su a gefen kogin da suna «Nigeria». Ita ce daga baya ta auri Lugga, gwamnan da ya haɗe arewa da kudu a 1914. Faransa kuma ta mai da yankin sojan da ta kafa a 1900 ya zama «Colonie du Niger» a 1922, ta ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Ƙasashen biyu suka sami mulkin kai a shekara guda, Nijar ran 3 ga Agusta 1960, Najeriya ran 1 ga Oktoba, kuma ba wadda ta sake suna. Abin lura shi ne, kogin da ya ba Nijar sunanta kilomita 550 kacal ya yi a cikinta, can a kusurwar yamma. Manomin Mirya ko na Tasawa yana iya tsufa bai taɓa ganin ruwansa ba.

A Faransanci harafi ɗaya tak ya raba mutanen biyu: «Nigérien» da «Nigérian». Kunnen da bai saba ba ba ya jin bambancin, hannun da ke sauri kuma ba ya rubuta shi. A Ingilishi abin ya fi muni. Yawancin masu jin harshen suna furta sunan ƙasar kamar «Naija», wanda shi ne laƙabin da ƴan Najeriya ke yi wa tasu ƙasar. Bugu da ƙari, a cikin Najeriya akwai jiha mai suna Niger, wadda aka kafa a 1976, babban birninta Minna, ga kuma yankin Niger Delta mai arzikin mai. A Amurka kuwa, rubutun sunan ya yi kusa da wata kalmar zagi da ake jifan baƙar fata da ita, har wasu kan yi nauyin baki kafin su karanta shi. Hausa kuwa ta warware wannan ƙulli ba tare da wani taro ba: ta ce Nijar, ta ce Najeriya, ta ce Neja, ta bar wa kogin sunansa na Kwara.

Sauran dalilin lissafi ne. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, murabba'in kilomita 1 267 000 a kan 924 000, amma jama'ar Najeriya sun haura miliyon 200, alhali na Nijar sun ɗan wuce miliyon 25. Wato kowane ɗan Nijar guda yana da ƴan Najeriya wajen takwas a gefensa. Ga finafinai, ga mawaƙa, ga ƴan ƙwallo, ga marubuta irin su Wole Soyinka da ya ci kyautar Nobel a 1986. Ƙaramar itaciyar da ta tsiro a gindin kuka ba a hango ta daga nesa.

Kuskuren da ke cin kuɗi

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa harafi ɗaya yana iya jawo asara. A jerin ƙasashen da kwamfuta ke nuna wa ma'aikacin banki, ko na kamfanin jirgi, ko na gidan waya, sunayen suna bin juna ne kamar haka: Nicaragua, Niger, Nigeria. Yatsa ya zame layi ɗaya, an sake wa mutum ƙasa. Alamar Nijar a takardun duniya NE ce, ko NER a fasfo, ta Najeriya kuma NG ko NGA. Waɗannan haruffa suna cikin lambar da bankuna ke aika wa juna kuɗi da ita, saboda haka idan aka yi kuskure a nan, kuɗin kan maƙale a hanya, mai shi ya yi ta zarya yana biyan kuɗin gyara. Lambar wayar Nijar 227 ce, ta Najeriya 234. Matafiya da ɗalibai suna ba da labarin wasiƙu da ƙunshin kaya da aka rubuta wa «Niamey, Nigeria», suka yi yawo wata da watanni kafin su iso, in ma sun iso. Ga wanda kayansa ke jira a tashar jirgin ruwa, kowace rana ta jinkiri kuɗin ajiya ce.

A fagen wasanni ma haka ne. Hukumar wasannin Olimfik ta ba Nijar alamar NIG, ta ba Najeriya NGR, don haka mai kallon telebijin da ya ga NIG a gefen sunan ɗan wasa, Najeriya ce ke fara zuwa masa a rai. Tutar ma ba ta tsira ba. Ruwan lemo a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, da da'ira a tsaka: wanda ya gan ta daga nesa yakan ɗauka ta Indiya ce. A manyan tarukan duniya kuma, inda ake jera kujeru bisa tsarin haruffa, wakilin Nijar kullum yana zaune ne kafaɗa da kafaɗa da na Najeriya.

Ba ƙasashen nan biyu kaɗai ke shan wannan ba. Akwai Gine uku a Afirka, akwai Kwango biyu. A Turai ana rikita Slovakiya da Sloveniya, ana rikita Suwidin da Suwis. A wasannin Olimfik na Pari a 2024, masu shela sun kira ƴan Koriya ta Kudu da sunan Koriya ta Arewa a bikin buɗewa, bayan kwana biyu kuma aka sa wa ƴan ƙwallon kwando na Sudan ta Kudu taken ƙasar Sudan, wadda suka rabu da ita a 2011 bayan dogon yaƙi. Bambancin shi ne, ƙasar da aka sani ana neman gafararta a gyara, wadda ba a sani ba kuwa sau da yawa ba a ma lura an yi kuskure.

Kura da shan bugu

Wanda aka ba sunan wani, an ɗora masa kayan wani. Tun shekarun 1990 sunan Najeriya ya haɗu a ƙasashen Turai da Amurka da zambar da ake kira 419, lambar sashen dokar ƙasar da ke hukunta damfara. Ƴan tsiraru ne ke wannan aiki, amma wake ɗaya ke ɓata gari. Miliyoyin ƴan Najeriya masu gaskiya, likitoci da malamai da ƴan kasuwa, su ne na farko da wannan zato ya cuta. Ɗan Nijar kuma ya sami nasa kaso ba tare da an tambaye shi ba: ƙarin tambayoyi a gaban polis na filin jirgi, mai gidan haya da ke sake shawara da zarar ya ji sunan ƙasar, abokin ciniki da ke neman a biya shi duka kafin ya ɗora kaya. A 2014, sa'ad da cutar Ebola ta addabi Gine, da Laberiya, da Saliyo, ta kuma taɓa Legas, ƴan Afirka da yawa a ƙasashen waje sun ga ana ja da baya daga gare su. Nijar ba ta sami ko mutum ɗaya da cutar ba, amma ba wanda ya tsaya duba taswira.

A nan ne wasu ƴan Nijar ke faɗawa cikin wani kuskuren, wato su riƙa wanke kansu da zagin maƙwabci. Wannan hanya ba ta ɓullewa. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1500, kuma Turawa ne suka ja ta a kan takarda tun yarjejeniyar 1890 ta layin Sayi zuwa Barwa, suka yi ta gyara ta har aka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake kiran sa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. Tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ko Kwanni da Illela, uwa tana gefe guda ɗiyarta tana aure a ɗayan. Tsofaffi ma ba su ce Nijar da Najeriya ba, cewa suke ƙasar Faranshi da ƙasar Ingilishi. Da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024, kasuwannin gefe biyu ne suka ji a jika. Neman a san Nijar da sunanta hakki ne, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

In an san ƙasar, da me aka san ta?

Baƙon da ya yi sa'ar haɗuwa da wanda ya san Nijar, sau da yawa murnarsa ba ta daɗewa, don abu uku aka sani: yunwa, hamada, da uraniyom. A 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, gidajen telebijin na duniya sun nuna hotunan yara ramammu daga cibiyoyin jinya na Maraɗi. Masifar gaskiya ce, taimakon da ya zo kuma ya ceci rayuka, amma hoton ya zauna a ran mutane ya ƙi tashi. Rahoton hukumar PNUD na 2020 ya ƙara masa ƙarfi da ya ajiye Nijar ta 189 a cikin ƙasashe 189. Shi ya sa ake tambayar ɗalibin da ya fito daga lise, ya zo karatun injiniya, ko a ƙasarsu akwai mota, ko a kan raƙumi yake zuwa lakwal. Ba a faɗa masa cewa kwata guda na uraniyom da ƙasashen Tarayyar Turai suka saya a 2022 daga ƙasarsa ya fito ba, wato wani kaso na wutar da ke haska ɗakin da ake masa tambayar.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma labarin 2003 ya nuna iyakar haɗarinsa. An ƙirƙiro takardun ƙarya masu nuna wai Nijar ta amince ta sayar wa Iraki ta Saddam Husaini uraniyom. Gwamnatin Amurka ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai a Fabrairun 2002, ya bincika, ya koma ya ce bai ga alamar gaskiya a zancen ba. Duk da haka, ran 28 ga Janairu 2003, shugaba George Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ambaci batun neman uraniyom daga Afirka a cikin dalilan yaƙi. Ran 7 ga Maris shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Muhammad al-Baradai, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan wata na shekarar 2000, tana ɗauke da sunan Allele Alhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Duk wani ma'aikacin ministan a Yamai da ya gane ƙaryar cikin minti guda. Yaƙin ya fara ran 20 ga Maris. Masu ƙirƙirar takardun sun zaɓi ƙasar da suka tabbata ba a san ta ba.

A Oktoban 2017, da aka kashe sojojin Amurka 4 tare da sojojin Nijar a Tongo Tongo, sanata Lindsey Graham, ɗan kwamitin harkokin soja na majalisar dattawa, ya faɗa a telebijin cewa bai san ƙasarsa na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Sojojin sun fice a 2024. In manyan da ke sa hannu a kasafin kuɗin yaƙi ba su san inda ƙasar take ba, ba abin mamaki ba ne mai gidan haya ya kasa.

A Afirka ma haka abin yake

Yawancin ƴan Nijar da ke waje ba a Turai suke ba. Ƴan bida ne a Legas, da Kwatanu, da Lome, da Akra, da Abijan, da Tamanrasat, da Turabulus. A can an san inda Nijar take, amma kowane gari ya ɗinka musu riga ɗaya ya sa wa kowa. A kudancin Najeriya, duk wanda ya zo daga arewa, ɗan Sakkwato ne ko ɗan Tawa, sunansa «aboki», kalma mai daɗi a Hausa wadda ta koma nufin mai gadi, ko mai ruwa, ko wanda bai waye ba. A Kano da kanta akan kira Bahaushen Nijar Buzu, ko da bai taɓa naɗa rawani ko hawan raƙumi ba. A Gana da Togo kowa Bazabarme ne. A Abijan abincin nan na atiyeke da soyayyen kifi da ake kira «garba», an fi danganta sunansa da ƴan Nijar masu sayar da shi. A ƙasar Sudan duk mutumin Afirka ta Yamma Fallata ne, a Saudiyya kuma Takari, sunan da ya samo asali daga Takrur, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal wadda Bahaushe ba shi da haɗi da ita.

Irin waɗannan laƙabobi ba su da illa a lokacin zaman lafiya. Ranar da tattalin arziki ya tsuke ne ake ganin amfanin da ake yi da su. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi haka a Najeriya. A duk biyun ƴan Nijar sun dawo gida a bayan kamyo, wasu sun bar shaguna da basussuka da ba su sake gani ba.

Akwai kuma abin da ba a iya ɗora wa jahilcin wasu, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar Aljeriya. A Maris 2022 gwamnati ta aika jirage Dakar ta kwaso mutum sama da 1000 da ke bara a titunan birnin, bayan wani rahoton telebijin ya tada ƙura. Attajirin Maraɗi da ya je Dakar cinikin albasa, da ɗalibar da ke karatun likita a Aljeriya, su ke biyan bashin wannan hoto kullum, ko da yake ba su ci shi ba.

Laifi tudu ne

Kafin a gama kuka da Turawa, yana da kyau a saurari abin da ake faɗa a kasuwar Damagaram ko ta Tawa. Duk farar fata anasara ne, Bafaranshe ne ko Bajamushe ko ɗan Rasha. Duk mai ƙananan idanu Shinuwa ne, ko daga Japan ya fito. Mutumin Togo da na Benin da na Kodebuwa duk ƴan kurmi ne. Ana kiran Ibo Inyamurai, sunan da aka ce ya fito daga kalmarsu ta roƙon ruwan sha, kuma ba su son sa. Ma'aikata nawa ne za su iya nuna Gine Bisau a taswira, ko su faɗi bambancin Ostiriya da Ostireliya? Ɗan Adam yana sanin na kusa da shi dalla-dalla, na nesa kuma ya tara su a buhu ɗaya. Bambancin kawai, kuskuren mai kasuwa a Tawa yana ƙarewa a bakin rumfarsa, kuskuren mai ba da biza ko mai rubuta rahoton yaƙi kuwa yana shafar rayuwar dubbai.

Canjin suna ko fitar da kaya?

Wasu ƙasashe sun nemi magani a canjin suna. Gold Coast ta zama Gana a 1957, Dahome ta zama Benin a 1975, Haute-Volta ta zama Burkina Faso a 1984. A Afrilun 2018 sarki Mswati na uku ya mai da Swaziland ta zama Eswatini, ya kuma ambaci yadda ake rikita ƙasarsa da Suwis a cikin dalilansa. Amma Benin ta bar suna ɗaya ta faɗa wani ruɗanin, don akwai birnin Benin a cikin Najeriya. Sabon suna yana nufin sababbin fasfo, da hatimai, da taswirori, da yarjejeniyoyi, kuma ba ya sa wanda bai damu ba ya damu.

Tarihin fatauci ya nuna wata hanyar. Shekaru aru-aru ayari na ɗaukar jemammun fatun jar akuya daga ƙasar Hausa, su ƙetare hamada zuwa Arewacin Afirka, daga can a kai su Turai, inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da su. Sunan da Turawa suka ba wannan fata shi ne fatar Maroko. Majemin ya yi aikin, wanda ya ɗora kayan a jirgi ya ci sunan. Albasar Galmi ta kusa bin wannan hanya a shekarun 2000, sa'ad da wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi rajistar sunanta a matsayin nasa, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin ya janye. A 2023 hukumar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar suna ta miƙa wa Nijar takardun rajistar albasar Galmi da na kilishi. Buhun da ya isa Abijan ko Akra da sunan garin da aka noma shi yana yin aikin da jawabin jakada ba ya yi.

Abin faɗa kuwa bai yi ƙaranci ba. A Yamai aka sa hannu ran 20 ga Maris 1970 a kan yarjejeniyar da ta haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta a Maris 2025. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Wagadugu a 1972, shekarar da Isaka Dabore ya kawo lambar tagulla ta dambe daga Munik. Ide Umaru ya shugabanci sakatariyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, Hamid Algabid ya riƙe ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Abdurrazak Isufu Alfaga ya ci azurfa a taikwando a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Ga kuma abin da ya fi duka girma, ko da yake ba a buga masa tambari ba: tun shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa, musamman gawo, a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyon 5 da itatuwa miliyon 200. Ƙasar da ake kira hamada ita ce masana na ƙasashe ke zuwa koyon yadda ake korar hamada.

Wannan labari ba zai faɗi kansa ba. Aikin ofisoshin jakadanci ne, da Majalisar Ƴan Kasuwa, da ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje. Aikin ɗan kasuwa ne ya rubuta «République du Niger» cikakke a kan takardunsa, ya duba haruffan NE kafin ya sa hannu a banki. Aikin hukuma ne ta tsare yaran karkara daga hanyar bara, don babu jawabin da ke goge hoton yaro da ƙoƙo a bakin titin wani birni. Ɗalibin da ya ɗauki minti biyar ya zana wa maƙwabcinsa taswira kuwa, ya rage mutum ɗaya daga cikin waɗanda za a iya sayar wa takardar jabu gobe.